Na Bi Sawun Ciyawar Dawakin Kano

Tun daga Gezawa na fara lura da su: masu keke da masu babur, kowa ya labta ɗanyar ciyawa a baya har ba a ganin ƙeyarsa, duk sun miƙi hanyar Kano. Farkon watan Yuli ne, ruwa ya zauna, gero ya rufe ƙasa. Direbanmu ya ce da yawa daga cikin wannan kaya ba na awaki ba ne, barga za shi. Ni ma dai zancen ciyawa ne ya taso da ni daga Haɗejiya. Ina da ɗan fili a bayan gari inda nake sakin dawakaina, shekarun baya kore shar yake yi da damina, yanzu tsakiyarsa ta zama faƙo, gefensa kuma sai tafasa. Baffana da ke cikin birni ya daɗe yana riƙe da dawakai, shi ya ce in zo akwai wanda zai haɗa ni da shi.

Na sauka a 'Yankaba, na hau a-daidaita-sahu har Yakasai. Wanda bai san cikin birnin Kano ba zai yi mamakin inda ake ajiye doki. Lungu ne da mutum biyu ba sa jerawa, ka shiga soro, ka karya kwana, sai ga ingarma a turke yana harbin iska. Bargar Baffa ba ta fi faɗin ɗaki uku ba, an yi mata rumfar kwano, ƙasa an zuba yashi. Akawali ɗaya, kili ɗaya, sai wani bidi da aka kawo masa riƙo. Babu wanda ya taɓa sa baki ya tsinki ciyawa daga ƙasa tun da ya shigo gidan, sai fa in an fita kilisa ya fizgi ta bakin hanya.

Na zauna na ga yadda ɗan bargar yake ba su abinci. Da safe jiƙaƙƙiyar dusa da ɗan gero, da hantsi ɗanyar ciyawa, da yamma harawa, can da dare a ƙara ciyawa a komi. Ruwan kanwa lokaci-lokaci. Ciyawar da aka kawo ran nan gauraye ce: kyasuwa, harkiya, guɗe-guɗe, da ɗan ƙiri-ƙiri mai saiwa da ƙasa a jiki. Yaron ya karkaɗe ta sosai kafin ya zuba, na kuwa yaba masa, domin yashin da doki ke haɗiya tare da ciyawa taruwa yake yi a hanji, ya zo ya zama ciwon ciki. Doki ba ya amai, tumbinsa kuma ƙarami ne in aka dubi girman jikinsa. An halicce shi ne ya yini yana tsinka kaɗan-kaɗan, wanda aka sake a makiyaya yakan yi awa 16 a rana kansa a ƙasa. Shi ya sa dokin turke da aka bari komi wayam na tsawon yini yake fara cin itacen rumfa.

Lissafin abincin ba shi da wuya. Doki na bukatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum. Dokinmu na gida mai kilo 350 zai ci kilo 7 ke nan. Amma ɗanyar ciyawa kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, saboda haka in ita kaɗai za a ba shi, sai an kawo wajen kilo 28. Na duba damin da aka sayo wa dawakai uku, na ce, "Baffa, anya wannan zai kai su?"

Ya ce, "Ai dusa na cike gurbin, ɗana."

Nan muka ɗan ja. Dusa tana sa doki ya yi ƙiba ya yi sheƙi, mai shi ya ji daɗi, amma dusar alkama sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kuwa ɗan kaɗan ne, alhali ƙashin doki kalsiyam ya fi bukata. In aka daɗe a haka sai jiki ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su kumbura, doki ya fara ɗingishin da ba a gane kansa. Abin da ke ceton dawakin birni shi ne harawa, ta wake da ta gyaɗa, domin su suna da kalsiyam sosai. Iyayenmu ba su auna komai a ɗakin gwaji ba, amma haɗin dusa da harawa da suka bar mana daidai yake. Matsalar takan zo ne a ƙarshen rani, lokacin da harawa ta yi tsada aka rage ta, aka ƙara dusa.

Na tambayi mai kawo ciyawar inda yake yanko ta. Ya ce da can ba ya wuce gindin ganuwa da bakin kududdufai, yanzu an cike kududdufan an yi gini, sai ya fita wajen Ungogo ko Kumbotso. Wasu kuma a gefen Jakara suke yanka, inda ruwan kwatamin gari ke bi, don ko da rani akwai kore a can. Ni dai da dokina ne, ba zan so ta wannan wurin ba.

Kashegari muka biya Kasuwar Kurmi na sayi ragama da linzami. A layin masu kayan doki mutum zai ga inda kuɗin masu dawakai ke tafiya: jalala mai aiki, sirdi, likkafa, kayan ƙawa na kai da na ƙirji. Kasuwar tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma hawan Sallar Kano ya kai har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024. Babu laifi a wannan ado, ni ma ina so. Sai dai na sha ganin dokin da kayan jikinsa sun ninka kuɗin abincinsa na shekara, in aka cire jalala sai a ƙirga haƙarƙari.

Daga nan muka zaga ta Filin Sukuwa a Nasarawa, muka wuce filin folo na Bompai. Wannan ne wuri na farko a cikin gari da na ga ciyawar da aka ɗauke ta a matsayin shuka. Ƙiri-ƙiri ce, wadda manomi ke tsinewa a gonarsa, ita ce kuma ake shimfiɗawa a filayen folo na ƙasashe masu zafi, domin tana yaɗo ta sama tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, in kofato ya ɓantare ta sai ta sake haɗewa. Filin folo yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi, wajen eka 10, ga dawakai takwas suna sukuwa suna birki a kai. Shi ya sa a tsakiyar wasa ake shiga a mayar da ɓantararrun wurare a tattake. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, idan sanyi ya shigo ƙiri-ƙiri ta kwanta barci, sai su watsa irin wata ciyawar sanyi a kanta don fili ya zauna kore har bazararsu. Mu nan ba sanyi ke kwantar da ciyawa ba, ƙishirwa ce. Daga Oktoba zuwa Mayu babu ruwan sama, wanda ba shi da rijiyar burtsatse babu irin da zai watsa ya ga kore. Ga shi kuma filin wasa daban, makiyaya daban: na farko kofato ake yi wa, na biyu baki.

Mutumin da Baffa ya kai ni wurinsa tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, yana da gidan gona a gefen gari ta hanyar Fanisau, gine-gine sun riga sun kewaye shi ta gefe biyu. Goɗiyoyi yake kiwo da 'yan duƙushi. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni, na ce iri nake nema.

Ya ce, "Kowa iri yake zuwa nema. Kana da inda za ka kulle dokin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai turke."

Ya ce to mu zaga.

Filin nasa ya yanka shi gida huɗu da waya da shingen aduruku, ya kuma ware wani ɗan wuri kusa da barga wanda ya sallama shi, babu ko tsinke, nan dawakai ke tsayawa duk lokacin da bai kamata su taka ciyawa ba. Wannan ɗan faƙon da ya bari da gangan, in ji shi, shi ke raya sauran. In an yi ruwa mai yawa ƙasa ta yi laushi, nan suke yini, don kofato a jiƙaƙƙiyar ƙasa daddaɓe ta yake yi, ruwa ya daina shiga, saiwa ta rasa iska.

Ya nuna mini yankin da aka fitar da su jiya, ya ce in duba da kyau. Wani wuri an cinye har ƙasa, wani wurin kuma ciyawa ta yi tsawo ba a taɓa ba. Saniya harshe take naɗawa ta fizga, dole ta bar saura. Doki kuwa yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, aske ciyawa yake yi kamar wanzami, kuma in ya sami wadda ta yi masa daɗi nan zai riƙa komawa duk sanda ta ɗago. Inda ya yi kashi kuwa ba ya ci. A haka mai daɗin ke mutuwa, wadda ba ya so ta yi 'ya'ya ta zuba, shekara ta zagayo sai a ga tafasa da ƙarangiya sun gaje wurin. Ban ce komai ba, amma hoton filina ne yake zanawa.

Ƙa'idarsa ta shiga da fita da hannu yake auna ta. In ciyawa ta kai taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20, sai a saki dawakai. In ta sauko zuwa yatsa huɗu, a kwashe su a kai gaba, ko da kuwa ana ganin akwai saura. Ganyen da ya rage shi ke ciyar da saiwa, in aka aske shi sai ciyawa ta ci ajiyarta, in aka maimaita ta mutu. Da damina yanki yakan farfaɗo cikin mako uku zuwa huɗu. Gamba ita ma'auninta daban, don tsayi gare ta, ba a barin a ci ta ƙasa sosai, ba a kuma barin ta yi kara, in ta yi kara ta zama ta masu saƙar zana.

Sai muka zo yankin da ya yi wa ƙarin iri a bana, a nan muka fi daɗewa. Bai yi huɗa ba, bai kashe tsohuwar ciyawa ba. Da ruwa ya fara sauka ya sa aka cire tafasa da hannu tun tana ƙarama, aka sare dogayen wuraren da lauje don kada su yi wa sabon tsiro inuwa. Ya jira sai da ruwa ya zauna, ya ce binne na gero ne, ƙwayar ciyawa ƙanana ce, in ta tsiro da ruwan farko aka sami tsaiko na kwana goma ta ƙone. Bayan wani ruwa mai kyau aka bi wuraren da suka yi sanƙo da manjagara aka kakkarce, inda ya yi tauri aka sa fartanya aka farfasa sama-sama. Irin kuma sai da ya cuɗa shi da yashi mai ɗan danshi, saboda na gamba da na kyasuwa gashi gare su, iska na ɗauka, kuma sukan dunƙule a hannu. Aka watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa. Sannan aka ja reshen ƙaya a kai, yara suka bi suna tattakawa.

Ya ce abu biyu ke kashe wannan aiki. In iri ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa bai taɓa ƙasa ba, abincin tururuwa da tsuntsu ne. In kuma aka binne shi da zurfi, ba zai iya fasowa ba. Kada ya wuce santimita ɗaya. Na durƙusa na duba, ga tsiron nan siri-siri a layin manjagara. Ya ce in kama ɗaya in ja. Na ja, ya fito da saiwarsa. Ya ce to haka doki zai yi masa. Ranar da na ja ganye ya tsinke saiwa ta zauna, ranar ake fara tunanin sakin dabba, kuma ba a kai wannan ba sai an yi wata biyu aƙalla. Gamba ma ya fi son a bar ta damina guda cur, ta yi 'ya'ya ta kafu, a fara ci baɗi.

Abin da ya zuba haɗi ne. Kyasuwa saboda saurinta, shekara ɗaya take yi ta mutu amma tana zubar da iri da kanta. Gamba saboda zurfin saiwarta, ita ke fara tohowa da ruwan farko tun sauran ba su farka ba. Sai ciyawar Rodis da ya ce ya samo irinta daga Shika, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da kuma sitailo, wata 'yar dangin wake mai ƙara wa ƙasa ƙarfi. A bakin ƙofa da wajen kwamin ruwa, inda kofato ya fi yawa, bai ɓata iri ba, yaɗon ƙiri-ƙiri ya sa aka yanko aka dasa. Ya gargaɗe ni kada in karɓi kowace ciyawar waje don an ce shanu na ƙiba da ita. Akwai waɗanda ke da wani sinadari mai ɗaure kalsiyam a cikin doki, irin su bafel da setariya, tumbin saniya na iya warware shi, na doki ba ya iyawa, ƙarshenta a koma ga kumburin fuskar nan da muka yi zance a gidan Baffa. Rodis ba ta da wannan matsala sosai, shi ya sa masu dawakai ke son ta.

Muna tafe ya tsuguna ya tumɓuke wani rai-ɗore ya jefa bayan shinge. Mutane na dafa shi don zazzaɓi, amma ga doki guba ne, musamman 'ya'yansa, yana lalata tsoka da hanta. Doki mai ƙoshi ba ya kula shi, na fili mai faƙo kuwa yunwa na iya kai shi, ko ya shigo cikin harawa a bushe. Haka gyauron dawa da ƙaramar dawar da fari ya taɓa, ba ya bari su kusanta.

Kashin doki kuwa ba ya kwana uku a filinsa. Sau biyu a mako ake bi da baro a kwashe, a tara a rami ya ruɓe, sai baɗi a dawo da shi taki. Dalilinsa biyu ne: ƙwan tsutsar ciki a kashi yake fita, ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta hau ganye doki ya sake haɗiya, sannan kwashewar na rage wuraren da doki ke ƙyama. Masu baza ɗanyen kashi da damina, in ji shi, tsutsa suke rabawa fili. In za a baza, a bari sai zafin Maris da Afrilu, rana ta gasa shi. Takin zamani kaɗan yake sawa, bayan tsiro ya kafu, kuma sai ruwa ya narkar da shi kafin dabba ta shiga. Da la'asar sakaliya ya sa aka kora goɗiyoyin barga, saboda ƙananan ƙwarin da ke yaɗa annobar dawakai da magariba suke tashi, damina ce kuma lokacinsu.

Yanki na huɗu ba a kiwo a cikinsa sam, na ingirici ne. A watan Satumba yake yankewa, da ciyawa ta fara fitar da kai, ba ya jira ta bushe a tsaye. Wahalar ita ce a lokacin ruwa bai gama ɗaukewa ba, sai an yi ta kallon sama, a shanya a juya, a kwashe kafin hadari. Wanda ya jira Nuwamba ya huta da wannan, amma abin da zai tara kara ne, amfanin ya riga ya tafi. In kuma ya yi fumfuna, ko kyauta aka ba ka kada ka ba doki. A kan dandamali yake jibge shi, saboda gara.

A nan Baffa, wanda tun ɗazu yake bin mu shiru, ya ce, "Alhaji, duk na ji. Amma mu na cikin badala ina muka ga eka huɗu? Filin da za a yi wannan ai an yanka shi fuloti."

Gaskiya ya faɗa, mai gidan ma bai musa ba. A ƙasashen da ruwa ke sauka kusan duk shekara ana lissafin eka ɗaya zuwa biyu ga kowane doki, mu kuwa da daminarmu ba ta wuce wata huɗu, ko eka nawa gare ka sai ka haɗa da ajiya. A ganina makiyayar dokin birnin Kano ba fili ba ce mai shinge, gonakin wake da gyaɗa ne na ƙauyukan da ke kewaye, da hannun masu lauje. Manoman nan sun daɗe suna shuka waken nan kanannado saboda yawan harawarsa, kuma IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa wadda ke da reshe a Kano da gonar gwaji a Minjibir, ta yi shekaru tana aikin fitar da irin waken da zai ba da ƙwaya ya kuma ba da harawa. Mai doki a Yakasai da zai yi yarjejeniya da manomi tun shuka, ya sayi harawarsa da kaka lokacin da take araha, ya sami rufin da zai adana ta, ya yi rabin abin da Alhajin nan ke yi ba tare da ya mallaki ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Baffa ya ce wurin ajiyar ne aiki, saman soronsa tuni an ɗora bene.

Da za mu tafi na sake tayar da zancen iri. Ya ba ni ɗan ragowar kyasuwa da Rodis a leda, ya ce in na isa gida kada in wuce mako ban zuba ba, don in Agusta ta shigo marka za ta riƙa wanke shi, tsiron kuma ba zai sami lokacin kafuwa ba kafin ruwa ya ɗauke. Na gamba ya ce babu, ya ƙare. In ina so, in fita bakin gonaki da kaina wajen Nuwamba lokacin da kanta ya nuna, in zage a buhu, in rataye inda ɓera ba zai kai ba. Sabon irin gamba ba ya tsirowa da kyau sai ya yi watanni a ajiye, saboda haka na kaka shi ne na damina mai zuwa. Ya kuma ce kafin in buɗe ledar in fara sayen waya, in yi shingen da zai tsare dawakaina da awakin maƙwabta.